Tsohuwa Ta Ƙi Ɗaga Hannu

Da sassafe lafiyarta ƙalau.
Takan dumbuzo jar ƙasa kamar mai yankar loma,
ta juya, ta zubar, ta dawo.
Rana na take tsaka sai hannun ya mutu,
bokiti ya tsaya a sama yana karkarwa,
sannan ya sauko a hankali
irin zaman dattijo mai ciwon gwiwa.

Hammayo direba ya ce mutanen ɓoye ne.
Mai unguwa ya ce ɗan kwangila ne ya cinye kuɗin mai.
Matan ƙauyen ba su ce uffan ba,
sun jere jarkoki a inuwar aduwa
suna kallon ramin da aka ce zai zama tafki
kafin hadarin farko ya haɗo ta gabas da Dukku.

Ni aka kirawo daga Gombe,
da jakar sifanu da geji mai tsagaggen gilashi.
Na san ta. Bara a Bajoga
ni na sauya mata sil ɗin silinda.

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi.
Mai yana kan layinsa.
Na ɗiga a yatsa, na murza, na sansana:
bai yi farin nono ba, ruwa bai shiga ba,
sai 'yar kumfa sama-sama.
Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu,
babu mai zufa, babu mai kumburi.
Na kara kunne a jikin famfo,
yana kuka kamar an ba shi tsakuwa ya tauna.

Waya ta yi ƙara.
"Famfo ne? Ka gaya min gaskiya."
Famfo kuwa sai Kano,
kuɗinsa ya sayi bijimai huɗu da canji.
Na ce a yi min haƙuri zuwa la'asar.

Maigidana Gidado Mai Sifana, Allah ya jiƙansa,
yakan ce ba duk mai kuka ne mai ciwo ba,
wani yunwa ce,
ka nemo abin da ya hana shi ci.

Na yanka filta, na baje takardarta a rana,
ko ƙyallin tagulla ɗaya babu.
To, famfo bai fara cin kansa ba.
Na kwance bawul, na wanke, na mayar.
Allurar geji ta hau, ta yi rawa, ta faɗo.

Sai tanki.
Muka juye mai a duro biyu,
na cusa hannu har kafaɗa cikin ɗumi da santsi,
ina lalube kamar mai neman guga a rijiya.
A bakin rariya na taɓa wani abu mai laushi.

Tsumma.
Da dare ya kwanta a ƙasa abinsa,
da rana mai ya tsinke, ya taso,
ya manne ya shaƙe mata wuya.

Na matse shi, zanensa ya fito:
shuɗi mai ratsin fari.
Hannun tsohuwar rigata ce.
Da ita na toshe bututu a Bajoga,
magariba ta kawo jiki, ina sauri.

Hammayo ya leƙo: "Aljanin ne?"
Na ce shi ne, kuma na san gidansu.

Muka tace mai, muka mayar, muka fitar da iska.
Ta yi tari, ta miƙa hannu har ƙarshe,
ta nutsa haƙora cikin ƙasa.
Wata yarinya a gindin aduwa ta yi tafi sau biyu,
uwarta ta harare ta.

Ɗan kwangila ya ce nawa ne.
Na ce kuɗin mota ya isa.
Ya yi shiru, yana neman inda tarkon yake.

Tsumman yana cikin jakata har yau,
tsakanin sifana sha bakwai da sha tara.
Har yanzu yana ɓata min yatsu.